Gidan Mai Gyaran Famfo Yana Yoyo

Babana mai gyaran famfo ne, kuma duk layinmu babu gidan da ya kai namu yoyo. Ku yi dariyarku ku gama, mun saba. Maƙwabta suna cewa mai dokar barci ne ya ɓige da gyangyaɗi, shi kuma Baba ya fi su ƙyaƙyatawa, har yana tuna musu wasu zolayar da suka manta ba su yi ba.

Abin da maƙwabta ba su sani ba shi ne, ko bututu ɗaya bai taɓa fashewa a gidanmu ba. Mu ne muke yoyo. A danginmu duk wanda kuka ya zo masa ya haɗiye, ruwan ba ya komawa ciki, sai ya ɓulla ta wani wuri a jikin gidan. Kowa da inda nasa yake fita. Nawa ta saman tagar ɗakina ne, daidai kan filo, shi ya sa ban taɓa yin fushi a ɓoye na kwana a busasshen wuri ba. Na Yaya, wana, ƙarƙashin matakala yake ɗiga, a kan takalman mutane. Ranar da ya dawo daga makaranta yana fito da baki yana cewa jarrabawa ta yi sauƙi, Umma dai ta kwashe takalma ta ajiye bokiti. Ruwan yana da ɗan gishiri, ba ya raya shuka, sai dai a goge ƙasa da shi.

Umma ba ta yoyo, don ita aure ne ya kawo ta. Takan ce, "Ni rabona a gidan nan bokiti ne da tsumma."

Kaka kuwa, mahaifiyar Baba, ita ke tutiya cewa daga gidansu aka gaji abin. Tana da labarin ubanta da ya cika rijiya da baƙin cikin akuya ɗaya. Amma ba wanda ya taɓa ganin inda nata yake fita, saboda Kaka ba ta taɓa haɗiye hawaye ba. Rediyo ya ce jirgi ya nutse a wata ƙasa, ta yi kuka. Kofi ya fashe, ta yi kuka. An ce mata wata da ba ta sani ba ta haihu lafiya, ta yi kuka ta face hanci ta nemi shayi. "Ni ba na ajiya," in ji ta. "Ku masu zurfin ciki ku za ku rusa mini gida."

Saura na Baba. Nasa yana ɗakin ajiya, bayan wani tsohon kabad mai nauyin tsiya da ba a taɓa matsar da shi ba tun da nake. Ba a ganin ruwan, sai dai a ji shi: ɗis, a ɗan jima, ɗis. Rani da damina bai taɓa tsayawa ba. Kaka ta ce ya fara ne shekarar da mijinta ya rasu, Baba yana saurayi ɗan koyon aiki. In an tambayi Baba sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Nawa ne, ku bar mini kayana," ya ci gaba da abin da yake yi.

Ina son ɗigon nan fiye da yadda zan iya faɗa. Duk duniya ta san Baba mai barkwanci, amma mu a gida muna da shaidar cewa akwai wani Baban a ciki, mai shiru, wanda bai gama kukan ubansa ba. A ɗakin ajiya nake aikin makaranta, a kan buhun tsofaffin kaya, ina jin sa kamar yana zaune kusa da ni.

Bari in ba ku labarinsa kaɗan, don ku san wanda muka rasa.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, da tumbi ɗan daidai wanda yake kira tankin sama. Bai yi nisa a makaranta ba. Ya ce malaminsa na lissafi ya ba su tambayar famfo biyu suna cika tanki ɗaya yana zubarwa, shi kuma ya ɗaga hannu ya ce a fara toshe mai zubarwar, aka kore shi waje, daga nan bai ga dalilin komawa ba. Ko gaskiya ne ko ƙari, Allah masani, Baba ba ya barin gaskiya ta ɓata masa labari. Ya koyi aiki wurin wani tsoho mai faɗa da ke jifan yara da spana. Daga wurinsa ya koyi sauraron bango. Yakan kafa bakin sukudireba a jikin bango, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya lumshe ido, ya bi bangon a hankali kamar likita yana bin ƙirji. Sai ya tsaya ya yi alama da fensir ya ce, "Nan take kuka." A fasa wurin, a tarar da ita. Mutane sun fi son sa don ba ya farfasa musu tayil a banza.

Aljihunsa kullum cike yake da farin tef na naɗe bakin bututu da ƙananan robobin kan famfo. Umma ta gaji da tsince su cikin wanki. Da su ma ya same ta. An kira shi gyaran famfon kicin a gidan iyayenta, ya ga yarinya tana miƙo masa fitila, sai ya gyara famfon ya ɗan sassauta na banɗaki. Aka sake kiran sa. Ya ɗaure na banɗaki ya sassauta na tsakar gida. Da abin ya yi yawa, mahaifinta ya zaunar da shi ya ce, "Yaro, in ita kake so ka faɗa, ka bar mana ruwa mu sha." Umma ta ce tun zuwa na biyu ta gane, ita ce ma ta nuna masa inda na bayan gida yake.

Ba ya ba da labari ya kai ƙarshe. Tun yana tsakiya dariya za ta ci ƙarfinsa, ya riƙe ciki, hawaye na zuba, yana nuna mu da yatsa wai mu jira. Mu ma sai mu kama, ba tare da mun san abin dariyar ba. Akwai labarin wani attajiri da bahon wanka da na ji farkonsa ya fi a ƙirga, har yau ban san yadda ya ƙare ba.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta dariyarsa da ƙarfi, sai dai murmushi. Iya Mai Guga ke nan, wadda ke zaune a ɗakin baya tun kafin Baba ya yi aure. Ba danginmu ba ce, 'yar haya ce, guga take yi wa mutanen layi. Doguwa ce siririya, maganarta ba ta wuce "to" da "sannu" da "ka taka mini waya". Ɗakinta kullum da ɗumi da ƙamshin tufafi masu zafi, shi ne wuri mafi bushewa a gidan. Tana da wata ɗabi'a guda: sai ta goge wa Baba kayan aikinsa, har da kari a wando.

"Iya, masai fa zan shiga, ba ofis ba."

"Ko masai ne, ka shiga da mutuncinka."

Iyakar hirarsu ke nan kusan kullum, ya karɓa da hannu biyu ya wuce.

Ranar da ya rasu da hantsi ne, a gidan wani mutum da ya kira shi gyaran shawa. Mutumin ya ce Baba ya gama aikin, ya buɗe ruwa ya nuna masa, ya fara ba shi wani labari, dariya ta kama shi, ya zauna a bakin baho yana riƙe da ƙirji. Mutumin yana ta jira ya ƙarasa. Da ya zo mana gaisuwa yana kuka yana ba da haƙuri, wai da ya sani da bai tsaya dariya ba. Yaya ya tambaye shi ko labarin attajiri ne da baho. Ya ce shi ne. Yaya ya ce, "Ya kai ƙarshe?" Ya ce a'a. Muka kalli juna ni da Yaya, abin kunya, muka fashe da dariya a gaban mutane, daga nan ta juye ta zama kuka.

Na yi kukan Baba har muryata ta dushe, ban ajiye ko ɗigo ba. Bayan an kai shi, na tafi ɗakin ajiya don in ji shirun da kunnena. Na san ɗigon ya tsaya, tunda mai shi ya tafi. Ina so in ga abin da idona in yarda.

Ina tura ƙofa ruwa ya shafe mini ƙafa. Ba ɗigo ba ne kuma, gudu yake yi ta ƙarƙashin kabad, shaa, kamar an bar famfo a buɗe.

Na fito a guje ina ihu, "Baba ne, Baba yana nan." Ban san lokacin da na rungume wata mata mai gaisuwa da ban taɓa gani ba. Kaina ya yi fayau kamar na sha iska. Ina dariya ina tsalle cikin ruwa, ina faɗa wa duk wanda na gamu da shi cewa Baba yana kewarmu, ga shaida nan tana bin ƙafafunsu. Baƙi suka ɗauka baƙin ciki ya taɓa ni. Umma ta leƙa ɗakin ajiya, ta daɗe a tsaye, ta fito ta ce a kawo bokitai.

Bokitai ba su yi komai ba. Washegari ruwa ya mamaye falo, kwana ɗaya bayan nan ya kai idon sawu. Aka naɗe kafet aka kai sama. Masu zuwa gaisuwa suna tattare wando da zani a bakin ƙofa, su shigo suna ɗaga ƙafa kamar zalɓe, takalmansu suna bin su a baya suna iyo. Ba wanda ya iya riƙe fuskar makoki har ya ƙarasa tsakiyar falo. Kowa ya zauna sai ya ce, "Allah sarki, yana tafiya famfunan ma suka san ba ya nan." Abokan aikin Baba suka zo da kayan aiki, suka rufe babban famfo na waje, suka zuƙe tanki, suka kafa sukudireba a bango. Ɗayansu ya ɗanɗana ruwan ya tofar, ya dubi Umma, ya tattara kayansa ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Kaka ta ƙi hawa sama. Ta ce uwar mamaci ba ta karɓar gaisuwa a ɗakin kwana. Aka ɗora mata kujera a kan teburin cin abinci, aka ɗaga ta aka ɗora, ta zauna can sama da hankici a kowane hannu, tana kuka tana ba da umarni. Mutane su tsaya a ƙasa cikin ruwa su ɗaga kai su gaishe ta. Wani ɗan maƙwabta ya saki jirgin takarda ya bi ta ƙarƙashin teburin, ta tsaya da kuka ta kalle shi har ya wuce, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Sai wani magini da aka kira ya zo ya ɓata mana wasan. Ya danna babban yatsa a bangon ɗakin ajiya, yatsan ya shige. Ya ce bangon nan shi ke ɗauke da bene, kuma ya sha ruwa ya ƙoshi. In ruwan bai tsaya ba nan kusa, mu kwashe kayanmu, don gidan zai durƙusa.

Umma ta tara mu a kan matakala. Ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Matacce ba ya haɗiye kuka. Wani mai rai ne a gidan nan yake riƙe da shi, kuma yau sai ya sake shi."

Na ce, "Na Baba ne."

"Na ji. Amma dai kowa ya yi kuka mu gani."

Haka muka wuni muna neman kuka kamar masu neman allura. Aka fara da albasa, Yaya ya yanka har ya daina gani, ruwa bai ragu ba, ashe na albasa ba ya cikin lissafi. Umma ta ɗauko hotunan bikinsu, muka ga Baba da wani gashi kamar kwando a ka, maimakon kuka muka kwanta a matakala muna shure-shure. Na tsunkuli Yaya, ya rama. Daga ƙarshe Umma ta tsare shi da ido ta ce, "Kai, me kake ɓoyewa?" Ya yi ta kame-kame, sannan ya fashe da kuka ya ce yarinyar kantin magani da yake nema ta daina amsa wayarsa tun watan jiya. Ƙarƙashin matakala ya bushe nan take. Muka yi masa jaje muna danne dariya. Na leƙa ɗakin ajiya, ruwa yana nan yana gudu.

Daga kan tebur Kaka ta ce, "Kada wanda ya dube ni. Ni kun ga nawa a fili."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Kowa ya zazzage cikinsa, ruwa bai tsaya ba, ke nan ni ce da gaskiya. Na san bango zai faɗi, na ji abin da magini ya ce, amma a raina na gwammace gidan ya rushe da a ce mini ba Baba ba ne. Shekarata goma sha shida, kuma ruwan nan shi kaɗai ya rage mini da ke motsi.

Da la'asar Umma ta aike ni in karɓo kofuna a ɗakin baya. Duk kwanakin nan Iya Mai Guga ce ke dafa shayin baƙi, ta wanke kofi, ta tsamo takalma ta jera a rana. Masu gaisuwa suna wuce ta a ƙofa su miƙa mata lema ta riƙe musu. Wata ma ta ce mata, "Baiwar Allah, ɗan matsa mana," ta matsa.

Ɗakinta yana da ɗan tudu, ruwa bai hau ba. Na tarar da ita a tsaye gaban teburin guga, ta juya mini baya. Kayan aikin Baba ne a shimfiɗe, shuɗin nan mai facin gwiwa. An riga an goge shi, karinsa kamar wuƙa, amma tana sake bi. Daga inda na tsaya ina ganin ta ta hagu, ina ganin ƙofar ɗakin ajiya ta dama, don bango ɗaya ne ya raba su. Ta ɗora dutsen guga a kan wuyan rigar, sai ruwa ya yi wani tunkuɗowa ta ƙarƙashin ƙofar har da kumfa. Ta ɗaga dutsen ta tsaya tana kallon taga, ya lafa. Ta sa hannu a aljihun rigar ta ciro 'yar robar famfo da ta maƙale a ciki, ta riƙe a tafin hannu. Ƙofar ɗakin ajiya ta buɗe da kanta, wani tsohon akwati ya fito yana iyo.

Fuskarta a bushe take ƙamas.

Da a ce ni yarinyar kirki ce, da na shiga na riƙe hannunta. Ni haushi ne ya turnuƙe ni. Ɗigon da na yi shekaru ina zama kusa da shi, ina ba shi labarin makaranta, ashe na 'yar haya ne. Na juya na ratsa ruwa zuwa falo, a gaban Umma da Yaya da sauran baƙi biyu da ba su tafi ba, na ɗaga kai na ce, "Kaka, me ya sa Iya Mai Guga take yoyo a gidanmu?"

Kukan Kaka ya tsaya cak. Tun da aka haife ni ban taɓa jin irin shirun nan ba. Baƙin suka tuna suna da uzuri, suka bi takalmansu.

"Wa ya ce miki?"

"Na gani. Ke kika ce sai jininmu."

Kaka ta dubi hankicinta na dama, ta dubi na hagu, ta ajiye su a cinya. Sai ta zama 'yar ƙaramar tsohuwa a kan kujera a kan tebur. Ta ce, "To. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku kira ta."

Iya ta zo ta tsaya a bakin falo, ruwa yana zagaye ƙafafunta. Ta ce, "Uwar ɗakina, na bar dutse a wuta."

"Ya ƙone. Tsaya nan."

Kaka ba ta iya gajeren labari ba, amma ranar ta iya. Ta ce ita ba ta taɓa haihuwa ba. Iya tana yarinya take musu aikin wanki, mijinta ya mutu ya bar ta da ciki, ta haihu tana ciwo, ba ta da kowa, ba a sa ran za ta tashi ba. Ta miƙa wa Kaka jaririn. Kaka ta karɓa da sharaɗi ɗaya: in ta ba da, ta bayar ke nan, ba za ta taɓa buɗe baki ba. Iya ta warke ta tafi wani gari. Da mijin Kaka ya rasu sai ga ta a ƙofa da dutsen guga a cikin jaka, ta ce ɗaki kawai take so, ba za ta ce komai ba. A makon ne bango ya fara ɗiga.

"Tun yana ƙarami da ya fara jiƙa mini silin, na ce daga gidanmu ne. Me zan ce? Ubana ko akuya bai taɓa yi ba." Ta ja hanci. "Kun san wahalar kuka kullum? Kuka a kan kofi? Tsoro nake kada wata rana a ga raina ya ɓaci bango bai jiƙe ba."

Yaya ya yi wani sauti ta hanci, Umma ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin ruwa.

Kaka ta dubi Iya. "Na riƙe shi, na so shi, Allah ya sani. Ke ma kin riƙe alkawari har ya fi ƙarfin bango. Na sake ki. Yi kukanki."

Muka zuba mata ido. Iya ta buɗe baki ta rufe. Ta matse ido kamar mai ƙoƙarin atishawa. Ba abin da ya fito. A bayanmu ruwa ya ƙara ƙarfi, muka ji wani abu ya tsage a cikin bango.

Ta ce, "Ba ya zuwa. Na manta yadda ake yi." Ta goge busassun hannayenta a zani. "Kuma na me? Ya tafi bai sani ba. A mai guga ya san ni, a mai guga ya bar ni. Ku bar ni in tattara kayana in tafi, in na yi nisa zai tsaya."

Umma ce ta ce, "Ba inda za ki, Iya. Kai, zo ka kama mini kabad ɗin nan."

Muka bi ta zuwa ɗakin ajiya, har Kaka, da Yaya ya sauko da ita daga tebur ya riƙo ta a hannu. Ƙafafun kabad sun riga sun ruɓe, muna turawa ya tafi gefe kamar jirgi. A bayansa, daidai tsayin ƙugu, akwai wani ɗan ƙaramin famfo na tagulla a jikin bango, an naɗe wuyansa da farin tef tsaf. Ƙarƙashinsa ɗan kwano ne da aka gina da siminti, da siririn bututu mai fitar da abin da ya yi yawa. Ruwa yana feshi ta kowane gefensa. Tagullar tana ƙyalli, irin ƙyallin abin da hannu ke taɓawa kullum. Sai a lokacin na lura bayan kabad ɗin an yanke shi an yi masa 'yar ƙofa ta ciki.

Umma ta ɗaga murya don ta fi ƙarar ruwa. "Mutumin da ke jin kukan bututu ta cikin siminti, Iya, kina zaton bai san ta wane gefen bango ruwan nan ke fitowa ba? Tun kafin ya aure ni ya sani. Shi nasa ba ya taruwa, kullum yana zubar da shi wurin dariya. Ya ce mini alkawari ne tsakanin iyayensa mata biyu, ba shi zai karya musu ba, ni ma ya hana ni faɗa. Amma ya ce ruwan uwarsa ba zai bi kwata ba tare da ya taɓa shi ba. Kowace safiya kafin ya karɓi kayansa a hannunki, nan yake shigowa ya rufe ƙofa ya wanke fuska."

Iya ta matso a hankali. Ta ɗora yatsa a kan famfon.

"Kowace safiya?"

"Kowace safiya."

"Har lokacin sanyi? Shi da sanyi ke saurin kama masa ƙirji."

"Na yi masa faɗa a kan haka. Ya ce ruwan bai taɓa fitowa da sanyi ba."

Sautin da ya fito daga bakin Iya ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na fatan sake ji. Ta durƙusa cikin ruwa ta rungume ɗan kwanon simintin tana cewa ɗana, ɗana, kamar tana koyon kalmar. Kaka ta sa Yaya ya sauke ta, ta tsuguna ta riƙe ta ta baya, ita kuma karo na farko ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe ta. Feshin ya koma zuba, zuba ta koma ɗigo. Ina tsaye ina sauraro har ya yi na ƙarshe.

Na yi zaton in ya tsaya zan ji Baba ya mutu sau biyu, kuma haka na ji. Sai dai da Iya ta ɗago, fuska a kumbure, tana jan numfashi, na ga yadda ta riƙe ciki da hannu ɗaya tana nuna mu da yatsa wai mu jira ta. Shekara da shekaru tana gabana, ban taɓa ganin fuskarta tana motsi ba, balle in ga wanda ta yi kama da shi.

Da safe ruwa ya janye ya bar farin gishiri a ƙafar kowace kujera. Magini ya tokare bangon da katako ya ce zai rayu. Kaka ta ƙi a sauke kujerarta daga tebur, wai ta saba da iskar can, ta sa aka ɗora kujera ta biyu saboda Iya. Iya ta ce ita kunya take ji, Yaya ya ɗauke ta cak ya ɗora, tana dukan kafaɗarsa tana dariya da hawaye. Ni aka bar wa shayi da kofuna.

Baƙin farko wasu tsofaffin abokan aikin Baba ne da ba su samu zuwa da wuri ba. Suka shigo, suka ɗaga kai, suka ga tsofaffi biyu a kan tebur, suka rasa ta inda za su fara. Babbansu ya nufi Kaka ya buɗe baki.

Kaka ta ɗaga masa hannu, ta nuna gefenta.

"Ku fara da ita," ta ce. "Ita ta haife shi."